Faifan da Ban Sa a Kwali Ba

Talata

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Innarki, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, aiki kuma bai ƙarasa ɗan naman da ya rage a jikinki ba. Yaya maigidanki? Yaya mahaifiyarki da ciwon bayan nata? Ki ce mata man zafin da ta aiko ya iso, na gode, sai dai gwiwata ta ce ita ba ta san da zancen ba. Mu nan lafiya lau, in ban da kunnena na hagu da ya riga ni yin ritaya. Shi ya sa na ɗauki biro. A waya ke kina ihu, ni ina "na'am, na'am", Innarki, Babbar Daraktar gidan nan, tana dariya daga kicin, a tashi ba a ƙulla komai ba.

Direban motar kayan aikinku ya kawo min wasiƙarki jiya, na karanta ta sau uku. Wai ke ce za ki ba da umarnin fim, har da faɗan takobi a ciki! Yarinyar da nake ɗorawa a wuya tana juya kunnuwana kamar sitiyari. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah Ya jiƙan mahaifinki Bahago. Da yana raye, da ko mai facin taya na bakin layinku bai huta da jin labarin nan ba.

Kin ce in zaɓo miki fina-finan da faɗan takobinsu ya fi kama da gaskiya, ki nuna wa 'yan wasanki. Ga kwali nan na ba direba, faifai biyar ne a ciki, na sa musu lamba da jan biro. Sunayen suna jiki. Ni ba na riƙe sunan fim, da faɗansa nake gane shi.

Kafin ki sa ko ɗaya, ki wanke idonki daga fina-finan nan da mutum ɗaya ke karkashe arba'in rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Shekara arba'in na yi a sana'ar nan, goma sha tara daga ciki ina gaban takobin mahaifinki yana gaban nawa. Wanda ya zo kisa ba takobinka yake sara ba, naman jikinka yake nema. In kin ga mutum biyu suna ta haɗa ƙarfe can sama da kawunansu, rawa suke yi, a nemo musu makaɗi.

Na ɗaya, kuku ne da hafsan jirgin ruwa a cikin ɗan ƙuntataccen kicin. Hafsan na da dogon takobi, kukun na da guntu mai faɗi. Saran farko, dogon ya kafe a katakon rufi. Kukun ya shige masa jiki ya sare wuyan hannunsa, hannun ya rataya da fata kawai, jini ya fesa a tukwane. Hafsan ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne, har aka luma masa ƙarfen ƙarƙashin haƙarƙari. Daƙiƙa goma sha ɗaya, na ƙirga. Ki lura, ɗakin ne ya kashe shi kafin kukun.

Na biyu shi ne na zuciyata. Wata malama ce mai koyar da siririn takobin nan na wasa, da tsohon ɗalibinta, a zauren motsa jiki babu kowa. Suka cire hulunan raga, suka cire robar da ke toshe tsini. Kusan minti biyu ba wanda ya taɓa wani, ƙafa kawai ke aiki. Sai ta soke shi sau ɗaya a cinya. Ya yi dariya, ya ɗauka ƙwarzane ne, ya ci gaba. Farin wandonsa ya rine har takalmi, jininsa ya kwashe shi da santsi, ya zauna a ƙasa yana neman ruwa, a nan ya cika. Ki kalle shi sau biyu, karo na biyu ki rufe saman allon da littafi, ki kalli ƙafafunta kaɗai.

Na uku, tsofaffin sojoji biyu ne a gidan niƙa. Minti ɗaya suka yi numfashi ya ƙare musu, don takobi nauyi gare shi, abin da yawancin daraktoci ba su sani ba. Daga nan sai cizo, sai shaƙa, ɗaya ya zubar wa ɗaya haƙora da gindin ƙota, gari ya kwaɓe da jini a fuskokinsu. Akwai inda ɗayan ya kai babban yatsa ga idon abokin faɗansa. Ni a wurin nakan tashi in sha ruwa, ke sai ki kalla ki ba ni labari.

Na huɗu na barkwanci ne, amma mugun da ke cikin fim ɗin bahago ne, shi ya sa na sa miki. Ki ga yadda bahago ke rikita mutum, sara na zuwa ta inda jiki bai saba ba. Na biyar kuwa shirme ne tsantsa, ki nuna musu su san abin da zan biyo su da sanda a kansa.

Yanzu ga abin da ba ya cikin kwali. Duk faɗan da kika gani a faya-fayan nan ƙarya ce da aka yi wa gwaji har ta zauna a jiki. Katanga uku ke tsare ɗan wasa. Ta farko tazara, a shata ƙasa da alli yadda ko an yi kuskure tsini ba zai kai fata ba. Ta biyu ƙarfe mara nauyi, takobin alminiyam dakusasshe. Ta uku alama: mai sara ya gaya wa abokinsa da jikinsa cewa ga shi nan zuwa. Ni da mahaifinki alamarmu gwiwar hannu ce. Duk saran da zai sauka a ka, sai mai shi ya ɗaga gwiwar hannu saitin kunne, ya ja numfashi ɗaya, sannan ya sauke. Mai kallo ba ya gani, abokinka yana gani. Ki ba su gwaji har su tsane ki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Innarki ta ce ki riƙa cin abinci a zaune. Ki gaida maigidanki da mahaifiyarki da kyau. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'a.

Naki,
Baffanki Guduma

Asabar

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Ina gaishe ki da aiki, da fatan kin tashi lafiya ke da mutanen gida. Innarki na gaishe ki. Yau gaisuwar ba za ta yi tsawo ba, don raina a ɓace yake, kuma ke kika ɓata shi.

Na ji daɗi da na biyu ya burge ki, har kin ce jarumarki ta kwana biyu tana kwaikwayon takun malamar. Amma sai kika ce wai na manta da faifai na shida, ko kunya ce ta hana ni yabon kaina. Ban manta ba. Na san duk malamanki na makarantar fim shi suke sawa a farko, na san ana cewa ba a taɓa ɗaukar saran da ya kai na ƙarshen fim ɗin nan namu kama da gaskiya ba. To ta yaya ba zai yi kama da gaskiya ba, alhali a saran ne mahaifinki ya rasa ido? Fim ɗin ba ya gidana. Shekara ashirin da huɗu ke nan ban kalle shi ba, ba kuma zan ba wa kowa shawarar ya kalla ba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne sauran maganarki. Kin ce kin rage gudun faifan, kin bi shi hoto bayan hoto, kin ga a saran kai huɗu na farko ina ɗaga gwiwar hannu, a na biyar ban ɗaga ba. Kin ce a nan gwanintar take, da ba don santsin da ya kwashe mahaifinki ba da an gama lafiya. Har kina shirin ranar Alhamis ki ja dogon jarumin nan naki gefe a ɗaukar ƙarshe, ki ce ya sauke sara a kan jarumar ba tare da alama ba, don firgitarta ta fito ta gaske.

Tsinke, kar ki yi. Na roƙe ki don Allah kar ki yi.

Kin san abin da ya ci kunnena? Wani matashin jarumi ne ya ga dama ya ƙara sara ɗaya da ba ya cikin tsari, don ya burge budurwarsa da ta zo kallo. Bayan takobi ne ma ya same ni, kuma na alminiyam. Na faɗi kamar buhu, jini na bin wuyana, na kwana uku ina amai duniya na juya min. Na ga wata 'yar wasa da aka sara a bayan hannu saboda abokin wasanta ya yi saurin rabin numfashi. Ƙashin yatsunta biyu ya huda fata ya fito fari sol, tana kallonsa tana tambayarmu ko kwalliya ce aka manna mata. Na ga wanda haɓarsa ta goce gefe, muka ɗaure masa ita da ɗamarar wando har asibiti. Duk takubban nan a dakushe suke, 'yata. Ƙarfe ba sai da kaifi yake fasa ƙashi ba.

In firgita kike so, aikin 'yar wasa ne ta yi miki firgita, don haka ta koyi sana'ar. In gwiwar hannu ce ke fitowa a hoto, ki matsar da kyamara. Fuskar yarinyar nan ba taki ba ce da za ki yi caca da ita. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban taɓa ce miki "ki bi don ni na faɗa" ba, ko ranar da kika kawo min maigidanki da wannan askin nasa. Yau na ce.

Ki ba direba amsa ya kawo min. Ki gaida mahaifiyarki.

Baffanki,
Guduma

Talata

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, da ke da mahaifiyarki da maigidanki. Na rubuta "'yata" don har zuwa wannan layi ina da ikon rubutawa. In kin kai ƙarshe, ke za ki yanke.

Amsarki ta zo. Kin ce tsufa ya sa ni tsoro, kin ce ai mu ma mun yi, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kin ce za ki tabbatar ƙasa a bushe take ƙaƙas, don haka babu santsin da zai kwashi kowa. Na ajiye takardar na zauna har shayina ya huce. Da safen nan na gaya wa Innarki abin da zan gaya miki yanzu. Ta ajiye min biro a gabana ta fita.

Babu wani santsi, Tsinke. Mahaifinki bai zame ba.

A wani tsohon sito muka ɗauki faɗan, an mai da shi gidan wanki, an jiƙa siminti don ya yi ƙyalli. Daraktan, A-Sake muke kiransa a bayan idonsa, don ba ya buɗe baki sai da "a sake". Tun safe ya karɓe takubban alminiyam, ya ce ba sa ɗaukar haske, aka kawo na baƙin ƙarfe, dakusassu amma masu nauyi. Muka yarda. Can ya ce mun yi nisa da juna a hoto, mu matso rabin taku cikin layin alli. Muka yarda, mu biyun. Mahaifinki har da dariya, ya ce muddin Guduma na da gwiwar hannu, shi ko ido rufe zai tare. Katanga biyu sun faɗi ke nan, saura ɗaya.

Mun yi ɗauka goma sha uku, rana ta take, fitilu na gasa mu. Sai A-Sake ya ja ni bayan wani tulin zannuwa. Ya ce gwiwar hannun nan tana kashe masa fim, abokina yana fara tarewa tun sara bai taso ba, ko makaho zai gane shiri ne. Ya ce, "Sau ɗaya kawai, Guduma. Kar ka gaya masa. Ba kai ke cewa babu mai saurinsa ba? Zai tare." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce fim ɗinsa na gaba yana neman wanda zai tsara faɗa gaba ɗaya, mutum mai zuciya.

Zan iya ce miki tsoronsa na ji, amma yau ba ranar ƙarya ba ce. Shekara goma sha tara mahaifinki ne ake tafa wa. Shi dogo, takunsa kamar ba ya taɓa ƙasa, ni kuwa ni ne ƙaton da ake kashewa. Ina ƙaunarsa fiye da ɗan'uwan da muka fito ciki ɗaya, kuma ina ƙyashinsa, duka biyun a zuciya ɗaya. Na ce wa kaina zai tare. Ban je na raɗa masa ba, alhali taku biyar ne tsakaninmu, yana shan ruwa yana ɗaga min gira.

Ɗauka ta goma sha huɗu, komai ya tafi daidai har saran kai na biyar. Idonsa na kan gwiwar hannuna, yana jira. Na sauke daga kafaɗa kai tsaye, da duk ƙarfin da ya sa ake kirana Guduma. Ƙarfen ya same shi daga saman girar hagu, ya bi ta kan idon ya tsaga kunci har gefen baki. Ƙarar ba irin ta fim ba ce, 'yar ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara. Na ji ƙashin ya ba da hanya a tafin hannuna. Abin da ba ya barina shi ne, bayan saran ya sauka, hannunsa ya tashi ya kammala tarewar, daidai yadda muka yi gwaji sau ɗari. Ya tsaya haka, takobi a sama, fuska a buɗe, ruwan idon na gangarowa tare da jinin. Sannan ya durƙusa.

Na yar da takobi na haɗe fuskarsa da tafukana biyu, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsuna. A haka na ji A-Sake na tambayar mai kyamara, "Ka samu?" Na tashi na ɗauki takobin na kai wa A-Sake gindin ƙotarsa a baki. Na karya masa hanci da haƙora biyu, mutum huɗu suka janye ni ina shure-shure. Kowa ya ce dubi yadda Guduma ke son abokinsa. Ba wanda ya san bakin nake son rufewa. A-Sake ya sauya ƙarshen labarin, ya bar saran a fim. Bayan wata huɗu ya aiko a kira ni in tsara masa faɗa, na kuwa je. Duk sunan da na yi, daga nan ya fara.

Kwana uku da abin, ina zaune gefen gadon mahaifinki a asibiti, mahaifiyarki ta fita kiran nas. Kansa a naɗe, ɗinki ya hana shi buɗe baki sosai. Ya ce, "Guduma, ba ka ɗaga ba." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Santsi na yi. Ka ji ko? In suka sani, ba mai sake tsayawa gaban takobinka. Mu biyu za mu zauna a gida?" Daga ranar bai sake tayar da zancen ba. Mai ido ɗaya ba ya iya auna tazara, don haka ya koma kula da ɗakin ajiyar kayan fim, yana goge takubban da wasu za su riƙe.

Kina shekara shida a lokacin. Ko kin tuna yadda in na zo gidanku yakan tashi ya sauya kujera, ki riƙa yi masa dariya? Shekara tara, har Allah Ya karɓi ransa, mun ci tare, mun yi raha, amma bai taɓa bari na zauna ta gefen da ba ya gani ba. Sau da yawa na ɗauko takubban katako na ce mu ɗan motsa jiki a tsakar gida, ya ce gwiwarsa na ciwo. Bai sake tsayawa gabana ba.

Da ya rasu na tsaya miki a makaranta, na tsaya miki a matsayin uba ranar aurenki. Ban san nawa ne ƙauna a ciki nawa ne neman wanke kai ba, amma ƙaunar tana nan, Allah ne shaida. Mahaifiyarki ba ta sani ba. In kin ga dama ki karanta mata, hakkinta ne.

Abin da kike shirin raɗa wa dogon yaron nan jibi, shi aka raɗa min. Ki tsane ni in kina so, na ci. Amma ki bar wa yarinyar nan alamarta.

Guduma

Juma'a

Zuwa ga uwargidana Babbar Darakta,

Ina gaishe ki da zaman kaɗaici, da fatan kin kwana lafiya, famfon bayan gida kuma bai sake yi miki rashin kunya ba. Na iso lafiya. Kin ga dai 'yar takardar da Tsinke ta aiko shekaran jiya, ba gaisuwa ba suna, sai wuri da lokaci da "ka zo da takalmin roba". Kin ce in je ko duka ne in sha. Ga yadda aka yi.

Wurin wani tsohon kamfani ne, an gyara shi ya zama ɗakin cin abinci mai dogon tebur. Na tarar ta shata ƙasa da alli, takubban kuma na alminiyam ne, na ɗaga na ji. Ta zo idanunta a kumbure, ta ce, "Malam, sannu da zuwa," kamar yadda za ta ce wa mai gyaran wuta. Na tambayi lafiyar mahaifiyarta. Ta ce ta karanta mata wasiƙata, kuma kar in je gidan tukuna.

Sai ta tafa hannu kowa ya taru. A gaban mutum kusan talatin ta gaya wa jarumar abin da ta so a yi mata, ba ta rage komai ba, ta ba ta haƙuri. Yarinyar ta yi wurgi da gorar ruwa ta fashe a bango, ta ce, "Ni za ki yi wa haka? Da fuskar nan nake ci!" Tsinke ta tsaya ta shanye. Dogon jarumin kuwa, da ashe ya riga ya amsa wa Tsinke zai yi, ya rasa inda zai sa idonsa. Na san wannan sunkuyawar.

Daga nan ta karɓi takobin jarumar ta riƙe da hagu, ita da ba bahaguwa ba. Ta miƙo min ɗayan. Ta ce, "Malam zai nuna muku saran kai." Ta tsaya kan alli, ta dube ni, ta shigo rabin taku. Na ja baya rabin taku. Ta sake shigowa, sai na ji tebur a bayana. Tsayuwar ubanta sak, har yadda yake karkatar da haɓa. Ta ce, "Da ƙarfinka."

Wallahi ban taɓa jin nauyin takobi irin na jiya ba. Gumi na shiga idona. Ba ta kalli fuskata ba, gwiwar hannuna take kallo. Na ɗaga ta saitin kunne. Na ja numfashi. Na sauke. Ta tare, ƙarar ta cika ɗakin, girgizar ta bi ni har haƙori. Muka tsaya a haka, ƙarfe kan ƙarfe, taƙi ɗaya daga girarta ta hagu.

Ta sauke takobin ta juya ga mutanenta. Ta ce, "Kun gani. Duk wanda ya sauke sara a wurin nan bai ɗaga ba, ko ni na ce masa, ya ajiye ya kama hanya." Aka yi ɗauka tara, ina zaune ina lura da tazara. Gwiwar hannun ta fito a hoto, ta sa aka kwantar da kyamara ƙasa har ta ɓace. Faɗan ya yi muni yadda ake so, kuma kowa ya koma gida da fuskarsa.

Har aka tashi ba ta ce min Baffa ba, ban kuma san ko za ta sake faɗa ba. Amma ta tsaya gaban takobina, abin da ubanta bai sake yi ba har ya bar duniya. Na shiga bayan motar kaya na yi kuka, direba ya yi kamar yana duba taya.

Da zan tafi masauki ta biyo ni da kwalin nan nawa. Na buɗe na ga faifai shida. Ta sa wa na ƙarshen lamba da jan biro, irin yadda na yi. Ta ce, "Za ka kalle shi, Malam. Tare da ni, daga farko har ƙarshe, kuma ba za ka tashi shan ruwa ba." Na ce yaushe. Ta ce ranar da ta iya.

Saura faɗa biyu a ɗauka, ta ce in zauna har a gama. Ki ba direba man gwiwata da tabarau na karatu. Kwalin yana nan gefen gadona, ina jira.

Mijinki,
Guduma